Guɗar da Ta Buɗe Fuskar Rabi'a

"Kai ka cuce ni, Musbahu! Kai ka sayar da ni, kuma Allah yana kallonka!"

Hajiya Rabi'a ba ta yi sallama ba. Da kafaɗa ta ture ƙofar shagon wayoyin, ta tsaya a gaban tebur tana haki, niƙabinta yana mannewa a baki yana saki. Wasu Yamanawa biyu da ke zaɓen caja suka dubi juna, suka ajiye, suka sulale waje.

"Hajiya, ina kwana? Zauna tukuna, ga kujera."

"Kwanan da ban yi ba kake tambaya? Wa ya ce ka saka ni a waya?"

Musbahu ya zagayo ya tura ƙofar ya rufe. Shi ne mai shagon da Hausawan unguwar Kurayyat ta Jidda waɗanda ba su yi karatu ba suke kawo wa lamuransu, daga aika saƙo gida har kama layin asibiti. Shi ya yankar mata tikitin gidan rawa shekaranjiya.

"Wallahi tallahi, Hajiya, ni tikiti kawai na yankar miki. Riyal ɗari uku kika kawo, na biya, na sa sunan surukinki Na'ibi saboda..." Ya rage murya. "Saboda abin da ni da ke muka sani. Hoton nan ba ni na ɗauka ba. Ni ma turo mini aka yi."

"Kai kuma ka tura wa wa?"

Ya shiga gyara wayoyin da ba su karkace ba.

"Na ce ka tura wa wa?"

"Ba su da yawa. Dariya ce kawai, Hajiya, ba da wata manufa ba."

"Dariya. To nuna mini abin dariyar, ni ma in dara."

Ya miƙo wayar. Sai ga ta. Ba ido biyu a cikin baƙin ƙyalle ba, yadda Jidda ta san ta. Fuskarta ce gaba ɗaya a buɗe, ta cika gilashin wayar: tsagar Gobirawa daga gefen baki har kunne, haƙorin Makka yana walƙiya, yatsu biyu sun matse hanci, bakin nan a wangame. Guɗar ta fito daga 'yar wayar, siririya, mai kaifi, ta ƙare, ta sake farawa. A ƙasa an yi wani rubutu da Larabci.

"Me suka rubuta?"

"Cewa suka yi, 'Haka Jidda ta karɓi rawar bale.' Sai kuma, 'Saura kujeru kaɗan.' Ai su masu gidan rawar ne suka sa a shafinsu. Talla suke yi da ke, Hajiya. Kujerar da kika saya ɗari uku, ta yau ɗari biyar ce."

"Mutum nawa suka gani?"

Musbahu ya dubi ƙasan hoton, ya kife wayar a kan tebur.

"Ki bar wannan maganar."

Sai a lokacin ta zauna a kujerar da ya ba ta.

Da ƙuruciyarta ta zo aikin hajji, ba ta koma ba. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mata, ba wata takarda mai sunanta. Abin da ya riƙe ta a garin nan har ta yi furfura abu ɗaya ne: ba wanda ya san fuskarta. Tana shimfiɗa gyaɗa da kuka da daddawa da yaji a bayan masallacin unguwa, idan motar baladiya, masu korar 'yan talla, ta leƙo, ta naɗe shimfiɗar ta cusa a ƙarƙashin abaya, ta zama baƙar mace ɗaya a cikin baƙaƙen mata ɗari. 'Yarta Latifatu ba ta samu wannan sa'ar ba. A bakin titi aka tare ta, ta fito sayen maganin tari. Aka ɗauki basmar yatsunta, aka saka ta jirgin Kano da silifas ɗin da ke ƙafarta, ta bar 'yarta Hikima ko makaranta ba ta shiga ba. Wanda aka ɗauki basmarsa kuwa, ko da kuɗinsa ba shi ba dawowa nan kusa. Uban yarinyar, Na'ibi, direba ne a gidan wasu Larabawa, yana da iƙama, yarinyar ma tana kan tasa. Amma wanda ya yi mata wanka da tsifa, ya kwana da ita ranar zazzaɓi, Rabi'a ce.

Rawar ma daga gidan Larabawan ta fito. 'Yarsu Joud ake kaiwa koyo, Hikima na rakiya, tana zaune a lungu tana kwaikwayo da ƙafa, har malamar ta hango ta ta ce a bar mata ita, ba sai an biya ba. Rabi'a ta yi faɗa har ta gaji. Wace irin rawa ce ba kalangu, ba gaɗa, ba waƙa, sai a tsaya a kan yatsu kamar zalɓe a bakin tafki? Amma ita ce dai take dafa ruwan gishiri ta gasa yatsun nan da suka faffashe, ta shafa musu man shanu, tana zagin malamar da uwar da ta haifi malamar.

Da aka ce za a yi wasa a babban gidan rawa, Hikima za ta fito ita kaɗai a tsakiya, sai aka ce ko uwar da ta haifi mai rawa sai ta yanki tikiti. Rabi'a ta ce wannan fashi ne da rana tsaka. Ta faɗa a bayan masallaci, ta faɗa a shagon Musbahu. Sannan ta kwance bakin zaninta ta biya.

Jiya bayan la'asar ta je. Aka kai ta can sama kusa da rufi, inda sanyin na'ura yake dukan ƙeya. Ɗari uku, ba ruwa, ba shinkafa, ba wanda ya ce da wani sannu. Aka kashe fitilu, jama'a suka yi tsit kamar gidan makoki. 'Yan mata suka fito cikin fararen kaya suna shawagi, goge yana kuka daga wani rami a gaban dandamali. Ta fara gyangyaɗi ma. Sai ga Hikima.

Baƙar yarinya ɗaya tilo a cikinsu. Ta juya, ta juya, ta juya, har Rabi'a ta ji jiri a madadinta. Kiɗan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Yarinyar ta tsaya cak a kan yatsun ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe a baya, hannu a sama, ko numfashi ba ta yi. Yatsun nan da Rabi'a ta gasa da hannunta. Kuma duk gidan, mutum a kan mutum, ba wanda ya ce uffan.

Haba! Yarinya ta yi wannan, a yi mata shiru kamar ba ta da kowa a duniya? A garinsu idan 'ya ta fitar da gida kunya, kaka ce ke tashi ta sanar da gari. Ita kuwa kafin ta bar Sabon Birni, ba a kai amarya a unguwarsu ba tare da an aiko a kira ta ba. Guɗar Larabawa da harshe ake yi, mace tana iya yin abinta a bayan mayafi. Ta Hausa sai an kama hanci. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da kanta. Hannun ne ya ɗaga niƙabin ya aza a ka, yatsu suka sami hanci, ta rangaɗa ta tun daga cibiya.

"Ayyururuyyy! Jikar Rabi'a! Ta Latifatu ba ta faɗuwa!"

Abin da ya biyo baya kamar an jefa dutse a cikin kaji. Wani mai farin tobe, doguwar rigar Larabawa, ya juyo ya ce, "Aib, ya hajja!" Wasu suka yi ta shii, shii, kamar masu korar akuya. Wani yaro ya fashe da kuka. 'Yan matan da ke gefenta suka dunƙule suna dariya har da hawaye. Sai can ƙasa, a kujerun masu kuɗi, wata tsohuwar Balarabiya ta amsa da tata guɗar. Daga nan tafi ya ɓarke, ya cika gidan, masu goge suka rasa inda za su kama. Rabi'a ta saki niƙabinta, ta zauna, ta ce a ranta an wuce wurin. Ba ta ga mutumin da ke tsaye a gefen dandamali ba, wanda ya ba masu rawa baya, ya saita kyamara a kan masu kallo.

Ƙofar shagon ta buɗe. Hikima ce, ta yafa abaya a karkace, tana tafiyar nan tata ta agwagwa, ƙafafu a warwaje.

"Sitti! Kaka! Ina ta neman ki. Baba ya kira, ya ce la tukhruji, kada ki fita, ko ƙofar gida."

"Ubanki ya ce. To ni ga ni a waje."

"Yalla mu koma. Matan bayan masallaci duka suna... suna kallon jawwal, waya. Wata ta ce mini, ashe haka kakarki take da kyau."

"Kyau! Shekara da shekaru muna zama da su, ba su san tsagata ba sai yau." Ta miƙe, ta dafa tebur. "Musbahu, tsayar mini da tasi. Gidan rawar za ni."

"Hajiya, ki rufa wa kanki asiri. Hanyar arewa cike take da masu bincike. Ki shiga ɗaki ki kwanta kwana biyu, abin zai wuce, gobe wani za su samu su yi wa dariya."

"Ka taɓa ganin abin da ya shiga wayar nan taku ya fita? Hoton bikin 'yar Mastura, da aka yi tun kafin annoba, ba jiya ka nuna mini shi ba? Su suka ɗauki fuskata, su za su dawo mini da ita. Kai kuma naka yana nan tafe, ban gama da kai ba."

Direban tasin ɗan Bangaladash ne, ya manna wayarsa a jikin gilashi. Rabi'a ta shige lungun kujerar baya, ta ja safar hannunta, ta gyara niƙabin har ya kusa rufe idon. Rabon da ta wuce Balad, tsohon cikin gari, da rana tsaka har ta manta. Duniyarta daga ɗaki zuwa bayan masallaci ce, sai ko unguwar Sa'alaba idan an yi rasuwa. Jiya ma sai da ta karanta duk abin da ta haddace kafin ta shiga mota. Yau kuwa kowace farar mota irin ta hukuma ta hango, gabanta sai ya faɗi.

"Kin yi fushi da ni?" ta ce da yarinyar, ba tare da ta dube ta ba.

Hikima ta daɗe tana neman Hausar da za ta faɗa.

"Na kusa faɗuwa, Sitti. Ƙafata ta yi haka." Ta karkaɗa hannu. "A wurin nan ba a yin sauti, mamnu'. Malama ta ce shirun ma rawa ne."

"Shirun ma rawa ne. To ai sai su sayar da tikitin shiru, kowa ya zauna a gidansa."

Yarinyar ta yi 'yar dariya, ta haɗiye.

"Amma ban faɗi ba. Duk gidan duhu, ba na ganin kowa. Da na ji, na san inda kike." Ta sunkuyar da kai. "Mama ma ta gani. Ta kira da safe daga Kano, tana dariya, tana dariya, ba'dain ta fara kuka. Ta ce in ce miki ki ɓuya."

Kafin Rabi'a ta amsa, guɗarta ta tashi a cikin motar. Direban ne ya taɓa wayarsa a wurin jar danja. Ga fuskar nan a jikin gilashi, ga tsagar, ga haƙorin. Ya juyo yana washe baki.

"Shufti, mama? Hurma Afrika, majnuna! Kullu Jidda yishuf!"

Wai ko ta ga mahaukaciyar 'yar Afirkan da duk Jidda ke kallo. Ta gyaɗa masa kai kamar kurma, ta damƙe hannun Hikima har yarinyar ta ce wash. Daga nan har suka hau babbar hanya ba ta saki ba. A gindin wata gada motoci suka rage gudu, suka zama layi ɗaya. Motar 'yan sanda ce a gicciye, wani matashi mai kaki yana leƙa kowace taga. Ya tsayar da wata motar ɗaukar kaya, ya sauke leburorin da ke baya, suka jeru a jikin bango suna laluben aljihu. Da aka zo kansu ya leƙo, ya ga mace a rufe da yarinya, ya kaɗa hannu. Abin da ya cece ta ke nan tun tana da ƙarfinta: ba a ɗaga wa mace niƙabi a titi ba dalili. Amma yau, da ya ce ta ɗaga, ba sai ya tambayi sunanta ba.

Gidan rawar da rana ya fi ban tsoro. Gilashi ne tun daga ƙasa har sama, masu gadi biyu a ƙofa. A ciki mutane sun yi layi a gaban tagar sayar da tikiti. A bango kuwa, a saman kawunansu, wani allo ne mai girman ƙofar gareji, kuma Rabi'a ce a kai. Hancinta kaɗai ya kai tulu. Tana ɗaga niƙabi, tana kama hanci, tana saki, tana sake ɗagawa, ba hutu.

Ta tsaya a ƙarƙashin fuskarta, a rufe ruf, tana jin abin da ake faɗa. Larabcinta na kasuwa ne, amma ba abin da ya wuce ta.

"Ku dawo mini da kuɗina!" Wani mai tumbi ne yake buga tagar da zobensa. "Na biya kujerar gaba ni da iyalina don mu ji kiɗa, ba don mu halarci bikin Takari ba. A London da an fitar da ita tun kafin ta rufe baki."

"To ka koma London mana," wata mata ta ce daga bayansa. "Ni saboda ita na zo. Jiya ƙanwata ta ce barci take yi sai da matar nan ta tashe su."

"Shiri ne," wani saurayi ya ce. "Biyan ta suka yi. Ba ku ga sun ƙara kuɗin tikiti ba?"

"Yau ma za ta zo? Idan ba za ta zo ba, ɗari biyar ta yi yawa."

Biyan ta suka yi! Rabi'a ta buɗe baki za ta ba shi amsar da zai kai wa uwarsa, Hikima ta ja hannunta. Sai wata murya ta kira daga gefe.

"Hikma! Habibti! Tun safe nake kiran babanki."

Wata matashiya ce mai gilashin ido, mayafinta ya zame zuwa wuya, waya biyu a hannu. Hikima ta raɗa cewa sunanta Bayan, ita ce mai kula da tallan gidan. Bayan ta dubi yarinyar, ta dubi baƙar abayar da ke riƙe da hannunta, idonta ya buɗe.

"La! Ita ce? Wallahi ita ce?"

Ta ja su zuwa wani ofishi a gefen zauren. Bangonsa ma gilashi ne, kamar akwatin kifi. Ta rungume Rabi'a, ta sumbaci kanta, ta zuba mata gahawa, tana kiran ta khala, wato inna.

"Khala, kin san abin da kika yi mana? Wata uku muna talla, rabin kujeru ba kowa. Daga daren jiya zuwa yanzu an kusa cinye na sati guda."

"Ke ce kika saka ni a bangon can?"

"Ni ce! Ba kyau?"

"Wa kika tambaya?"

Bayan ta ɗan yi turus, amma murmushin bai tafi ba.

"Ai kullum muna ɗaukar masu kallo, khala. Kowa yana so. Ki saurara, yau ke ce babbar baƙuwarmu. Kujerar gaba, tsakiya, kyauta. Za a kira sunanki. In kin ga dama ki sake yin abin nan, amma a ƙarshe, idan an gama kiɗa, za mu ba ki alama. Kawo iƙamarki in sa a shigar da ke. Yau akwai manyan baƙi, ana duba kowa a ƙofa."

Gahawar ta yi sanyi a hannun Rabi'a. Ta ajiye ƙoƙon a hankali.

"Na baro ta a gida."

"Ba komai, lambar kawai. Ko Hikma ta kira a karanto mana."

Hikima ta zuba wa ƙafafunta ido. Daga zaure guɗar ta sake tashi, ta ƙare.

Bayan ta dubi tsohuwar, ta dubi yarinyar. Murmushin ya sauka daga fuskarta kaɗan kaɗan. Ta je ta tura ƙofar ta rufe, ta jingina da ita.

"Ta ƙare ne, ba a sabunta ba?"

"Abin da ba a taɓa yi ba ba ya ƙarewa."

"Ya Allah," Bayan ta ce. "Ya Allah."

"Yanzu kika san Allah? Ni tun kafin a haife ki nake cikin garin nan. Ban yi sata ba, ban yi bara ba, ban taɓa kwana a ofishin kowa ba. Ban da gida, ban da mota, ban da takarda. Ƙyallen nan shi ne takardata." Ta kama bakin niƙabin ta girgiza. "Sau ɗaya na ɗaga shi, a cikin duhu, don jikata, ba don ku ba. Ke kuma kika ɗauka kika rataya a bango kina sayar da kujera."

"Ban sani ba, khala. Wallahi ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba dai."

Matashiyar ta shiga latsa waya. "Zan goge. Ga shi, na cire daga shafinmu. Halas." Ta ɗaga ɗaya wayar ta yi magana da sauri, ta ce a kashe allon zaure yanzu yanzu. "Kuma za a dawo miki da kuɗin tikitinki, har da..."

"Riƙe kuɗinki. Na kalli rawa, na biya, ba na bin ku ko halala. Fuskata ce ban sayar muku ba. Kin goge, kin ce. To na wayar direban da ya kawo mu fa? Na wayar matan unguwarmu? Na Kano?"

Matashiyar ta ajiye wayoyin. Ta zauna a bakin tebur, ta cire gilashinta, ta murza ido. Da ta sake magana, muryar ta yi ƙasa ƙwarai.

"Akwai wani abu. Da safe wasu 'yan talbijin sun kira, suna neman ki. Na ɗauka alheri ne. Na ce musu kakar Hikma ce, 'yar rawarmu. Na ce a Kurayyat kuke, babanta direba ne, sunansa Na'ibi. Sun ce za su je unguwar su tambaya."

Hikima ta yi wata 'yar ƙara kamar an taka ta. "Baba! Idan aka san tana gidanmu, za su karɓe iƙamarsa. Sitti, za su..." Hausar ta ƙare mata, ta ci gaba da Larabci, kuka yana yanka maganar.

Rabi'a ba ta ji sauran ba. Ɗakinta take gani, da katifarta, da buhun gyaɗar da ta soya jiya, da baƙin mutane a ƙofa suna nuna wa yara waya suna cewa, kun san wannan? Kuma wane yaro ne a layin bai san ta ba yanzu? Ta ga teburin da ake danna yatsu a kai. Ta ga jirgi. Ta ga kanta a Sabon Birni, inda duk wanda ya san sunanta yana kabari, tana kallon Hikima a wayar aro yadda Latifatu take yi.

A zaure allon ya mutu. Bangon ya zama baƙi, guɗar ta yanke a tsakiya. Shirun ne ya sa mutanen layi suka ɗaga kai, suka fara waige waige. Idon matar nan mai son ganin ta ya faɗa kan ofishin gilashi. Ta ga baƙar yarinyar da aka ce ta yi rawa jiya, ta ga tsohuwa a rufe kusa da ita. Ta dafa ƙirji.

"Hiya! Wallahi hiya! Ga ta can!"

Layin ya watse, ya taho. Tafi ya tashi. Wata ta saki guɗar Larabawa. Wayoyi suka ɗagu sama, suka manne a jikin gilashin kamar ƙudaje, har mai tumbin nan da ke neman kuɗinsa ya ciro tasa. Wani yana ƙwanƙwasawa yana kwatanta mata da hannu, ta ɗaga niƙabin, ta kama hanci, sau ɗaya kawai. Masu gadin ƙofa suka baro wurinsu suka nufo ofishin suna murmushi, ɗaya yana magana a 'yar rediyon da ke kafaɗarsa.

"Akwai wata ƙofa?" Hikima ta tambaya.

"Wannan ce kaɗai," Bayan ta ce.

Rabi'a ta dubi ƙofar, ta dubi fuskokin da ke bayan gilashi, duk suna dariya, duk suna ƙaunar ta. Ta juya musu baya. Ta tattara abayarta, ta zauna daɓas a ƙasa, a tsakiyar ofishin, ta jawo Hikima ta zaunar da ita a gabanta, ta rufe ta da jikinta.

"Khala, don Allah ki tashi, mu yi tunani..."

"Na gama tunani. Kira mini shi."

"Wa?"

"Mai kyamarar. Da wanda ya sa shi, da wanda ya ƙara kuɗin kujera a kan fuskata, da mai gidan nan in yana da mai shi. Duk ki kira su." Muryarta ba ta sauka ba. "Su zo nan su tsaya a gabana, su dubi yarinyar nan, su faɗa mini ta wace ƙofa zan fita, kuma wane gida zan koma. Ba inda za ni sai wani ya ba ni amsa."